Finjali Ɗaya Ya Dawo Wayam

Aikina ƙirga mutane ne. Ina tsayawa a ƙofar bas gaban masaukin alhazai a Madina, in ƙirga kawuna suna hawa za su ziyarar Ƙuba da Uhudu, in sake ƙirgawa in za a dawo. Arba'in da tara suka hau, arba'in da tara zan gani, in ba haka ba direba ba ya tayar da mota. Halin ya bi ni har gida. Shi ya sa zan iya gaya muku cewa finjalin gahawa sittin da uku na kwaso daga majalisi, wato ɗakin baƙin mijin yayata, na mayar kicin, a cike, sun huce, ba wanda ya kai baki. Labarin mijin yayar tawa zan ba ku, Abdulmajid, wanda duk unguwarmu ta Ƙuba ke kira Abu Saif.

Kakansa da ƙafa ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Ya yi ƙodago a gonakin Sudan, ya haye teku, ya zo ya ga koriyar ƙubba, ya ce shi kam ya iso. Uban Abdulmajid hawan dabino ya yi a tsofaffin gonakin Ƙuba har ƙafafunsa suka kangare. Abdulmajid kuwa tun yana yaro ko tsani ya hau sai jiri ya ɗebe shi, don haka aka kai shi wurin wani mai ɗinkin littattafai ya koyi sana'a. Can ya zauna. Maigidan ya rasu, ya gaji shagon, da allurai da zare da tukunyar gam. Tsofaffin Alƙur'anai ake kawo masa, da littattafan fiƙihu da suka sha hannu, ya kwance su, ya jera, ya ɗinke, ya yi musu bango.

Wata shekara wani malamin makaranta Basudane ya kawo masa wani ƙaton littafi a leda, duk ya warwatse. Bango babu, shafukan farko babu, ƙasan takardun inda lamba take ruwa ya cinye. Mai ɗinki in ya rasa lamba, dole ya karanta layin ƙarshe na wannan shafi, ya nemo wanda ya ci gaba da maganar. Haka Abdulmajid ya fara, layi ɗaya a ƙasa, layi ɗaya a sama. Kafin ya gama jerawa ya koma karanta tsakiyar. Fassara ce zuwa Larabci ta wani labari daga ƙasar Rasha. Basudanen bai dawo ba. Sunan marubucin ya tafi tare da bangon, sai Abdulmajid ya sa masa Tsoho. Daga baya 'yarsa Marwa ta nemo masa sunan a waya, ta sayo masa sauran littattafan mutumin guda goma sha ɗaya, amma har yau Tsoho yake ce masa.

Ni ban karanta ko ɗaya ba, ba ni da wannan zaman. Amma na ji su a bakinsa har na haddace. Tsohon attajiri ne ɗan gidan sarauta, mai gonaki da barori. Ya rubuta manyan labarai na yaƙi da aure da mutuwa, duniya ta sara masa, sai rana ɗaya ya tashi ya ce duk rayuwarsa ƙarya ce. Ya ce kowa ya ci guminsa. Ya ce kada a rama mugunta da mugunta, wai kurkuku da hauni ba su taɓa gyara kowa ba. Ya yi ta rigima da malaman cocinsa har suka kore shi.

Abdulmajid ya ɗauki abin da gaske. Shi ke share ƙofar gidansa da ta maƙwabta biyu. Da wani ya ci masa taku ɗaya na fili da katanga, ya ƙi kai ƙara. Limamin masallacinmu, Ustaz Sharfuddeen, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Abu Saif, kana zaune a Madina ka tafi ƙasar ƙanƙara neman tsoron Allah?"

"Ya Ustaz, ai ba alwala na koya a wurinsa ba. Mutum ne ya ɓata a daji yana ta ihu, ni ina cikin gida ina jiyo shi. Rabin abin da yake ihu a kai muna da shi rataye a bango, kallo ne muka daina."

"To ka ce masa ya shigo mana."

"Ya riga mu, Ustaz. A hanya ya mutu."

Yayata Khalida ita ce ba ta ɗaga wa Tsoho ƙafa. Ranar da mijinta ya ce ba za a ɗauko mai aiki a gidan ba, don bai halatta wata ta bar 'ya'yanta a wata ƙasa ta zo wanke musu tukwane ba, sai ta ajiye masa soso a gaba.

"Tayyib. Tsohon naka shi ke wanke nasa?"

Ya je ya bincika. Ya dawo jiki a sanyaye. Ashe matar Tsoho ita ta haifi 'ya'ya rututu, ita ke riƙe da gida, ita ke kwafe masa rubutu da hannu, shi kuma ya tashi zai rabar da komai bai shawarce ta ba. Abdulmajid ya ce, "A nan kam ya zalunta. Ya yi kyauta da rigar da ke jikin matarsa." Daga ranar shi ke wanke tukwanen dare. Ku riƙe wannan magana ta riga, za ta dawo.

Ɗansu namiji ɗaya ne, Saif. Irin yaran nan ne da za ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci. In ya shigo ya tarar da uban da littafi sai ya ce, "Abuya, esh gal Tsoho yau, me ya ce? Mu bar cin nama ko mu bar sa takalmi?" Ya sumbaci kan uban, ya saci dabino a faranti, ya fice. Yana da 'yar motar ɗaukar kaya, yana kawo dabino daga Khaibar zuwa kasuwa. Abokin aikinsa Zakiru ne, ɗan Sakinatu, wata bazawara da ke bayan layinmu. Tare suka tashi, a tire ɗaya suka ci shinkafa a gidan yayata ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba.

Wata safiya a lokacin kakar dabino suka yi musu a wurin sauke kaya, kan wa zai fara matso da mota. Zafi, gajiya, baƙar magana. Zakiru ya ɗaga ƙarfen kwance taya, ya sauke wa Saif a ka, sau ɗaya. Saif yana da shekara ashirin da huɗu. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Tufafinsa a leda aka kawo wa uwarsa.

Kotu ta yanke ƙisasi, kotunan sama suka tabbatar. Ga yadda shari'ar take, don wanda bai sani ba: jinin na magada ne, a nan uba da uwa. In dukansu suka tsaya, za a kashe Zakiru, kuma ba a faɗa wa kowa ranar. In ɗaya kacal ya yafe, ƙisasi ya faɗi, ko ɗayan yana so ko ba ya so. A kotu an tambayi Khalida, ta ce ƙisasi. An tambayi Abdulmajid, ya ce yana tare da matarsa.

Bai yi kuka ba, ko a maƙabarta. Bayan kwana uku na ta'aziyya ya buɗe shago. Yana ci in an ajiye masa, yana salla a sahun da ya saba, yana amsa gaisuwa. In an kira shi Abu Saif sai ya waiga a hankali, kamar wani ake nema a bayansa. Shara ma bai daina ba, sai dai wani lokaci za ka ga yana ta share wuri ɗaya da ba komai.

Sai masu roƙo suka fara zuwa. Mun ari wata al'ada a wurin Larabawan ƙauye, ta zauna mana daram. In dattawa suka zo neman alfarma babba, za a zuba musu gahawa, kowa ya karɓi finjalinsa ya ajiye a ƙasa gabansa. Ba mai sha. Sai maigida ya ce "ku sha gahawarku," ma'ana an biya bukata. In bai faɗa ba, su tashi su bar masa gahawarsa, kunya ta kowa. Ni nake zubawa, tunda ni ne ƙanen matar gida, ina iya shiga ciki in fito. Tawaga bakwai suka zo. Dattawan unguwa, 'yan kasuwar dabino, wasu likitoci 'yan Najeriya da ke aiki a nan, har Ustaz Sharfuddeen da ayoyinsa. In an taɓo maganar diyya sai Abdulmajid ya ɗaga hannu a bar ta. Sauran kuwa ya saurara har ƙarshe, idonsa a kan kafet, ya ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Shi ke nan. In kwashe.

Khalida ke dafawa duk zuwan. Ba ta taɓa cewa ba za ta yi ba, ba ta taɓa rage hel, kayan ƙamshin gahawar, ba. In na dawo da tire sai ta dube shi, ta tuttular da su ɗaya bayan ɗaya, ta wanke, ta kife.

Ni mutum ne mai son a gama abu. Bas ko ta tafi ko a sauke mutane. Na same shi a shago na ce, "Yaya, ka yanke mana. In yafiya ce ka faɗa. In ƙisasi ne mu rufe ƙofa, dattawa su daina wahala. Sakinatu duk wayar da ta yi ƙara da safe sai ta zube. Shekara talatin kana mana wa'azin kada a rama, yau ga ranar, ka yi shiru?"

Bai ɗago daga ɗinkin ba.

"Tahir, na leƙa cikina kamar mai leƙa rijiya. Ba fushi, ba tausayi. Ba komai. Ashe a kan katangar maƙwabci maganar ke da sauƙi."

"Tsohon fa? Bai ce komai a kan irin wannan ba?"

"Ya ce da yawa. Na buɗe, tawada ce a kan takarda." Ya ja zare, ya ɗaure. "Ko da ina ji, haƙƙin na mu biyu ne. Ina buɗe baki nata ya faɗi, ba a tambaye ta ba. A sumbaci kaina a ce Abu Saif waliyyi. Da rigar wa?"

"To ka tambaye ta mana."

"Tambayar ma roƙo ce. Ta riga ta faɗa a gaban alƙali. In je in sa ta ta maimaita?"

Na je wurin yayata da niyyar in tambaya da kaina. Na tarar tana ninke rigunan Saif da ta wanke, ba don an sa su ba. Na sha ruwa na fito.

Tawaga ta takwas ta zo wata Alhamis bayan la'asar, mutum tara. Jagoransu Sheikh Abdulazeez, manomin Khaibar da yaran biyu ke sayen dabino a wurinsa. A cikinsu akwai baƙon fuska, wani tsoho siriri da farin rawani, Malam Jibril, yayan Sakinatu. Daga Damagaram ya zo Umra, takanas don wannan magana. Bai taɓa zama a ƙasar nan ba. Kowa a tawagar ya ɗauka wani ya yi masa bayanin finjali. Ba wanda ya yi.

Na zuba, na bi su ta dama. Takwas suka ajiye. Malam Jibril ya yi bisimilla, ya shanye, ya yi hamdala, ya miƙo mini.

"Ɗana, ƙara mini. Wannan ɗan ƙoƙo naku ko tsuntsu bai ƙoshi da shi."

Sheikh Abdulazeez, da ya buɗe baki zai fara jawabi, ya rufe. Wanda ke kusa da tsohon ya raɗa masa, "Baba, ba a sha. Sai an biya bukata. Wanda ya sha kamar ya janye roƙonsa ne."

Tsohon bai iya raɗa ba. "Subhanallahi. An kashe ma mutum ɗa, matarshi ta tsaya gaban wuta ta dafa muna, mu ƙi sha? Mu ne da laifi, mu ne kuma da yanga? A garinmu wanda ya ƙi ruwan gida da gaba ya zo." Ya dubi fuskoki, ya ga ba mai goya masa baya. Muryarsa ta faɗi. "Na ɓata, ko? Na ɓata ma yaron."

Ni kuwa na rasa abin yi. In na ƙara masa, na ƙara ɓatawa. In na ƙi, na wulaƙanta baƙo. Sai na karɓi finjalin na ce bari in ɗumamo, na shige ciki da shi da butar gahawa.

Khalida na tsaye a kicin. Ta saba ganina da tire cike. Ta dubi hannuna. Ta karɓi finjalin, ta kife shi a tafinta, ɗigo ɗaya ya sauko.

"An sha," ta ce.

Ta nemi kujerar tsuguno ta zauna. Ta ajiye numfashi mai tsawo, irin wanda ban ji ta yi ba tun ranar ledar nan.

"To. Ya faɗa ke nan."

Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ji mutum a bayana. Abdulmajid ne, ya baro baƙi ya biyo ni. Ba ta dube shi ba, finjalin take kallo.

"Da tun bara ka yi, Abu Saif. Duk dafawar da nake, cewa nake yau ɗaya zai dawo wayam."

Ya tsaya a bakin ƙofa. Da ya yi shiru ya koma ya faɗi kalmar, da ba ta taɓa sani ba. Amma mutumin da ya shekara talatin yana karanta mai ƙin ƙarya, ko ba ya jin komai, wannan bai iya ba.

"Ban faɗa ba. Baƙo ne daga Damagaram, bai san al'ada ba."

Ta ɗago. Wuta na ci a ƙarƙashin tukunya.

"A kotu kin ce ƙisasi," ya ce.

"An tambaye ni a gaban jama'a, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Me kake so in ce? Ni uwa ce. In na faɗa da bakina, da wane ido zan dubi Saif gobe ƙiyama?"

"Ni kuma na ce ba zan ƙwace miki ba."

"Kai da Tsohonka." Ba da faɗa ta faɗa ba, ba kuma da wasa ba. "Ban yafe masa a raina ba, kada ka ce na yafe. Ba na son in sake ganin fuskarsa a Ƙuba. Amma ba na so a kai wa Sakinatu leda."

Ta tashi, ta karɓi butar a hannuna, ta zubar da ta ciki, ta cika da sabuwa.

"Waccan ta huce. Tahir, kwaso finjalan a sake. Kada a ba mutane mai sanyi."

Na kwaso takwas, na mayar da tara, na zuba. Kowa ya ajiye, har Malam Jibril, wanda ya ajiye nasa nesa da shi kamar garwashi. Abdulmajid bai zauna ba. Ya tsaya tsakiyar majalisi, da muryar da yake faɗa wa mai littafi ranar da zai dawo ya karɓa, ya ce, "Ku sha gahawarku. Saboda Allah. Ba ma son komai. Sharaɗi ɗaya ne, in ya fito kada ya zauna a Ƙuba." Ya maimaita da Larabci saboda Sheikh.

Aka yi kabbara. Dattawa suka taso suna sumbatar kansa, wasu na kuka. Yana tsaye kamar turke, hannuwa a sake. Malam Jibril bai gane ba sai da aka sake gaya masa, sannan ya kife fuska a kafet ya daɗe. Da ya ɗago ya tambaya ko yanzu an yarda a sha. Uku ya sha. Tara na kai, tara suka dawo wayam.

Ni na kai su kotu aka rubuta yafiyar. Zakiru yana nan a tsare yana cika haƙƙin hukuma, amma da ransa. Sakinatu ta zo gaida Khalida sau ɗaya. Suka zauna, suka sha shayi, ta tafi.

Bayan an kwana biyu na leƙa shago. Na ce, "Yaya, yanzu dai ka ji sauƙi?"

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"A labaran Tsoho, wanda ya yafe sai wani haske ya sauko masa, ya yi kuka, ya ji kamar an sauke masa dutse. Na jira. Ban ga komai ba." Ya lasa zare ya zura a allura. "Wataƙila mutanensa na takarda ne. Wataƙila kuma nawa ne bai zo ba tukuna. Amma maganarsa ba ta ce sai ka ji daɗi ba, cewa ta yi kada ka rama. Wannan kam an yi."

Littattafan goma sha biyu suna nan a kan kanta, bai buɗe su ba, bai kuma kawar da su ba. Yana shara. Yana wanke tukwanen dare.

Ran Juma'a da safe ni nake kai su Baƙi'a. Mata ba sa shiga, don haka Khalida na tsayawa a waje jikin katanga, ni da shi mu shiga. Kaburburan ba suna, duwatsu ne kawai, ni nake gane masa layin. Ya tsaya, ya yi sallama, ya yi addu'a, leɓensa ya ɗan ƙara motsi, mu fito. Kullum tambayar da take wa mijinta ɗaya ce.

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa."

"Me ka ce?"

"Na ce ni na faɗa, ba ke ba."

Sai ta gyara mayafi, mu nufi mota.